Tambayoyin Masu Karatu: Duba RAM ɗin Kwamfuta da Manhajar Karanta Allo

Wasiƙun wannan fitowar daga masu larurar gani suka zo, waɗanda ke sarrafa kwamfuta da manhajar karanta allo irin su NVDA ko JAWS ko Narrator, kuma duk a kan RAM suke. Kafin mu shiga amsa, ga abin da muke so kowa ya riƙe: kusan duk abin da Windows ya sani game da RAM ana iya kwafe shi ya zama rubutu zalla, rubutu kuwa babu manhajar karanta allo da za ta gaza karanta shi. Wuri ɗaya ne kwamfuta ke yin gum, wato kafin Windows ya tashi, lokacin da ake yin gwajin lafiyar RAM, shi ma akwai yadda ake shirya masa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kwamfutar cinya ta hannu, mai sayarwa ya ce RAM ɗinta gigabait 16 ne. Da NVDA nake aiki. Ta yaya zan tabbatar da kaina, ba sai na nemi wani ya duba mini ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara rarrabe abu biyu da masu sayarwa kan haɗa su wuri guda. RAM shi ne inda kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a yanzu, da an kashe ta komai ya goge, kuma yawanci za ka ji 4, 8, 16 ko 32. Ma'ajiyar fayiloli daban take, ita ce ake jin 256 ko 512 ko fiye.

Hanya mafi sauri ita ce ka danna maɓallin Windows tare da Pause, shafin About zai buɗe, ka yi ta Tab ko ka bi da kibiya har ka ji Installed RAM. Yawancin ƙananan kwamfutoci ba su da Pause a fili, to sai ka danna Windows da R, ka rubuta msinfo32, ka buga Enter. Tab ɗaya zai kai ka jerin bayanai, ka sauka da kibiya har Installed Physical Memory.

Wannan jimilla kawai zai ba ka. Mai sayen kwamfutar hannu ya kamata ya san katin RAM nawa ne a ciki, wane iri ne, kuma akwai gurbin da ya rage ko babu. Danna Windows da R, rubuta powershell, buga Enter, sannan ka rubuta wannan layi:

Get-CimInstance Win32_PhysicalMemory | Format-List DeviceLocator, Capacity, Speed, SMBIOSMemoryType, Manufacturer, PartNumber | clip

Tsayayyen layin da ke raba sassan umarnin yana kan maɓallin da ke saman Enter a kibod irin na Amurka, da Shift ake fitar da shi. Kafin ka fara rubutu ka danna maɓallin NVDA (wato Insert ko Caps Lock) da 2 don ya riƙa faɗin kowane harafi, ka kuma ɗaga matakin karanta alamomi da NVDA da P, domin waƙafi ɗaya da ya faɗi zai lalata umarnin. Bayan Enter ba za ka ji komai ba, kuma haka ya kamata, saboda kalmar clip ta tura amsar zuwa ma'ajiyar kwafi. Buɗe Notepad, danna Control da V, ka karanta layi bayan layi a natse.

Kowane kati zai zo da nasa rukunin layuka. Capacity da bait ake rubuta shi, don haka za ka ji doguwar lamba: 4294967296 gigabait 4 ke nan, 8589934592 gigabait 8, 17179869184 kuma 16. A layin SMBIOSMemoryType, 24 na nufin DDR3, 26 DDR4, 34 DDR5. Idan ka ji rukuni biyu kowanne da 8589934592, mai sayarwa ya faɗi gaskiya. Adadin gurabe kuma, ka maimaita umarnin da Win32_PhysicalMemoryArray a madadin Win32_PhysicalMemory, ka kuma sa MemoryDevices kaɗai a madadin jerin kalmomin da ke bayan Format-List, sai dai wannan lambar daga bakin madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke jone da shi, take fitowa, kuma wasu kan ce gurbi huɗu alhali biyu aka saka. PartNumber ɗin nan ka adana shi, ranar da za ka ƙara RAM shi za ka miƙa wa mai sayarwa.

Wani zai ce ai tsohon umarnin wmic ya fi gajarta. Microsoft ta daina raya shi, kuma a sababbin fitowar Windows 11 sau da yawa ba ka samunsa, gara hannu ya saba da PowerShell.

Tambaya: Kwamfutata tana mutuwa haka kawai ta sake tashi, wani lokaci JAWS yana tsakiyar magana. An ce in gwada Windows Memory Diagnostic. Na gwada, ta sake tashi ta yi shiru, na tsorata na kashe ta da maɓalli. Na ɓata wani abu ne? Daga 'yar'uwarku ɗaliba.

Amsa: Ba ki ɓata komai ba, Malama, gwajin kawai kika katse. Shirun da kika ji haka aka gina abin. Ba a iya gwada RAM sosai alhali Windows yana zaune a cikinsa, shi ya sa gwajin ke gudana kafin Windows ya tashi. A lokacin babu direban sauti, babu JAWS, babu NVDA, ko Narrator ba ya nan. Allon shuɗi ne da rubutu yana ƙirga kashi nawa aka yi.

Kafin ki sake, ki yi shiri huɗu. Ki adana aikinki ki rufe komai. Ki jona caja, kada batir ya ƙare a tsakiya. Ki tabbatar manhajarki tana magana a allon shiga: a JAWS zaɓin yana cikin Options, Basics, ƙarƙashin Startup Options, a NVDA kuma yana cikin saitin General, kuma sai wanda aka girka a kwamfuta yake da shi, wanda ake yawo da shi a filas ba ya magana a allon shiga. Na huɗu, ki cire abin sauraro na Bluetooth ki koma lasifikar kwamfutar ko mai waya, domin na Bluetooth kan makara wajen haɗuwa, sai ki zaci gwaji bai ƙare ba alhali kwamfuta tana jiran kalmar sirrinki.

Sai ki danna Windows da R, ki rubuta mdsched, ki buga Enter. Zaɓi biyu za ki ji, ki ɗauki na farko, mai cewa a sake tashi yanzu a duba. Daga nan ki janye hannunki. Gwajin zai fara da kansa a matakin Standard, zagaye biyu. Tsawon lokacin ya danganta da yawan RAM da saurin na'urar, yana iya ɗaukar minti ashirin, yana iya haura sa'a. Fanka za ta yi ta juyawa, ƙasan kwamfutar zai yi ɗumi, wannan alama ce aiki na tafiya. Idan ya gama kwamfutar za ta sake tashi da kanta, ki ji muryar JAWS a allon shiga. Escape yana katse gwajin idan dole ta kama, kuma ya fi kashewa da maɓalli.

In kina son sanin inda aka kai, wayarki ta isa. Seeing AI na Microsoft ko Lookout na Google suna karanta gajeren rubutu kai tsaye. Ki riƙe wayar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga allon, ki ɗan karkata ta idan haske yana dawowa, za ki ji zagaye na nawa ake da kashi nawa. Be My Eyes kuma zai haɗa ki da mai gani ta bidiyo. Da wannan dabarar za ki iya zaɓar gwaji mai zurfi: bayan waya ta tabbatar miki gwaji ya fara, F1 yana buɗe zaɓuɓɓuka, kibiyar ƙasa sau ɗaya tana kai ki Extended, F10 yana tabbatarwa. Shi wannan sa'o'i yake ci, kuma an san shi da daɗewa a kashi 21 kamar ya maƙale, a bar shi ya kwana yana yi.

Sakamakon yakan fito a ɗan saƙo 'yan mintoci bayan kin shiga, ya ɓace kafin manhaja ta gama faɗa, wani lokaci ma ba ya fitowa. Kada ki dogara da shi. Ana iya tono shi a Event Viewer, cikin Windows Logs, System, amma jerin dubbai ne kuma yana da nauyi da manhajar karanta allo. Ki buɗe PowerShell ki rubuta:

Get-WinEvent -ProviderName Microsoft-Windows-MemoryDiagnostics-Results | Format-List TimeCreated, Id, Message | clip

Ki liƙa a Notepad. Ki fara duba kwanan wata, kada ki karanta sakamakon bara. Lamba 1101 ko 1201 tare da kalmomin detected no errors na nufin ba a ga matsala ba. Lamba 1102 ko 1202 na nufin an ga kuskure a na'ura. A RAM kuskure ɗaya ma ya yi yawa, domin bit guda da ya juye yana iya lalata fayil ɗin da kike adanawa ba tare da wani gargaɗi ba. Idan hakan ta fito, ki kwashe muhimman fayilolinki zuwa wani wuri a ranar.

Amma in ya ce lafiya, kada ki rufe maganar tukuna. Gwajin Standard yana kama katin da ya lalace sosai, yana iya tsallake wanda sai ya yi zafi yake kuskure. Kuma mutuwar kwamfuta ba kullum daga RAM take ba. In ya samu dama, Windows yana rubuta dalilin faɗuwa a rajistar System da lamba 1001, daga tushe mai suna BugCheck. Idan a cikin saƙon kika ji lambar da ta ƙare da 1a, wato MEMORY_MANAGEMENT, ko 50, wato PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, zargin RAM ya yi ƙarfi, musamman in lambar tana sauyawa daga faɗuwa zuwa faɗuwa. Idan kuwa babu 1001 ko ɗaya sai Kernel-Power mai lamba 41 kaɗai, kwamfutar ɗaukewa take yi ba tare da ta samu damar rubuta komai ba, a nan sai a fara duba zafi, batir da caja.

Tambaya: Ina koyar da kwamfuta ga ɗalibai makafi. Akwai gwajin RAM da za su iya yi manhajar tana magana daga farko har ƙarshe? MemTest86 da ake yabo fa?

Amsa: Allah ya saka da alheri, Malam. MemTest86 na kamfanin PassMark da Memtest86+ na kyauta duka daga filas suke tashi, don haka su ma shiru ne, har sun fi na Windows wahala, saboda sai an zaɓi filas ɗin a jerin tashi wanda ba ya magana. Abin da ke sauƙaƙa MemTest86 shi ne yana ajiye rajistarsa a filas ɗin, cikin babban fayil EFI, ƙaramin fayil BOOT, ɗalibi ya karanta ta a Notepad daga baya. Wanda kwamfutarsa ke da BitLocker, tsarin Windows mai kulle ma'ajiyar fayiloli, ya tanadi makullin farfaɗowa mai lambobi 48 a waya ko a rubutun makafi kafin ya taɓa tsarin tashi, domin allon da ke neman makullin shi ma ba ya magana.

Cikin gwaje-gwajen da ake yi Windows yana kunne, Prime95, wanda ake saukewa daban, yana da amfani. Ka buɗe Torture Test ka zaɓi Blend, wanda ke matsa wa RAM da firosesa tare, ka bar shi sa'o'i biyu zuwa huɗu. Duk kuskuren da ya samu yana rubuta shi a results.txt cikin babban fayil ɗinsa. Magana za ta riƙa jinkiri yayin gwajin, ka gaya wa ɗalibai tun farko. Iyakarsa biyu ce: ba ya taɓa ɓangaren da Windows ke zaune a kai, kuma in ya ga kuskure ba ya bambance na RAM da na firosesa ko na zafi. A ganinmu ɗalibi ya koyi mdsched da karanta sakamako da kansa tukuna, ya saba da zama cikin shirun nan ba tare da hannunsa ya kai ga maɓallin kashewa ba.

Masu Linux da manhajar karanta allonsa Orca abin ya fi musu sauƙi: free -h yana ba da jimilla, sudo dmidecode -t memory yana ba da bayanin kowane kati, sudo memtester 2G 3 kuma yana gwada gigabait 2 zagaye uku yana rubuta ok a gaban kowane gwaji. A Mac da VoiceOver, About This Mac a jerin Apple ya wadatar, kuma masu guntun M1 zuwa sama ba a ƙara musu RAM bayan saye.

Tambaya: An saka mini gigabait 8, amma Windows yana cewa 5.9 ne kawai ake iya amfani da shi. Cutata aka yi?

Amsa: Ba lallai ba. Kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban tana yankar wani kaso na RAM ta ba ɓangaren hoto, a wasu na'urori har gigabait 2, ko da kai ba ka kallon allon. Don ka ga nawa aka yanka, danna Control, Shift da Escape, ka je shafin Performance da Control da Tab, ka sauka kan Memory. Lambobin wannan shafi ba sa samuwa da Tab, amma Control da C yana kwafe su gaba ɗaya, ka liƙa a Notepad ka nemi Hardware reserved. Idan abin da aka keɓe ya kai rabin RAM ɗin, to ko kati ɗaya bai zauna daidai ba, ko wani ya sa iyaka a msconfig, shafin Boot, Advanced options, akwatin Maximum memory, sai a cire alamar a sake tashi. Wanda kuma ke jin uku da ɗoriya komai yawan abin da ya saka, Windows ɗinsa mai bit 32 ne, ba ya wuce gigabait 4.

Tambaya: NVDA yana yawan sarƙewa idan na buɗe shafuka da yawa, kuma yana cinye farkon kalma. Ƙarancin RAM ne?

Amsa: Matsala biyu ka haɗa, ɗan'uwa. Cinye farkon kalma yawanci daga na'urar sauti ne, tana yin barci don tanadin wuta, sai ta farka bayan magana ta fara. A sababbin fitowar NVDA akwai saiti a ɓangaren Audio da ke hana ta barci na wasu daƙiƙu bayan magana, kashe Audio enhancements a saitin sauti na Windows ma yana taimakawa.

Sarƙewar kuwa tana iya zama RAM. A lokacin da abin ke faruwa, ka yi kwafin nan na shafin Performance ka duba Available da Committed. Idan Available ya sauka zuwa 'yan ɗaruruwan megabait, kuma lamba ta farko a Committed ta haura yawan RAM ɗinka sosai, Windows ya koma juye aiki zuwa ma'ajiyar fayiloli, wadda ta fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba, balle in tsohon faifai ne mai juyawa. NVDA yana jiran burauza ta ba shi amsa, burauza tana jiran faifai. Akwai ƙari mai suna Resource Monitor a shagon ƙari na NVDA, cikin Tools, wanda da NVDA, Shift da 2 zai faɗa maka nawa aka ci nawa ne jimilla ba tare da ka bar inda kake ba. A Chrome ko Edge, Shift da Escape yana nuna shafin da ya fi ci. Ka kuma riƙa yin Restart, saboda Shut down a kwamfutar da ke da Fast Startup ba ya wanke komai da komai. Windows 11 yana karɓar gigabait 4, amma da burauza da manhajar karanta allo da Word a buɗe, 8 ne mafi ƙarancin abin da za mu ba mutum shawara.

Tambaya: Gwaji ya nuna kuskure, kuma kati biyu ne a ciki. Makaho zai iya cirewa ya gano mai laifin da hannunsa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, aikin nan na yatsu ne, masu gani ma da ji suke sanin kati ya zauna. Ka fara duba Form factor a kwafin Performance: DIMM na kwamfutar tebur ne, SODIMM na ta cinya, Row of chips kuma na nufin an narka shi a jikin madabod, ba ya cirowa. In akwai garanti, ka tambaya kafin ka kwance.

Kashe kwamfutar, zare caja, cire batir in mai cirowa ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15. Taɓa ƙarfe don wutar jikinka ta sauka. Notunan murfin ƙasa ba tsawonsu ɗaya ba, ka jera su a kan salatif yadda suke a jikin kwamfutar, domin dogon noti a gajeren rami yana iya huda abin da ke ƙasa. In ka ji batirin ciki ya kumbura, tsaya nan, kada ka danna shi.

Katin SODIMM bai kai santimita 7 ba, yana kwance, da 'yan ƙarafa biyu sirara a gefensa. Ka buɗa su waje da manyan yatsu lokaci guda, katin zai ɗago da kansa a karkace, sai ka zare shi ta gefe. Kada yatsa ya shafi haƙoran zinaren. A bakin haƙoran akwai tsaga wadda ba a tsakiya take ba, farce zai same ta, a cikin gurbin kuma akwai ɗan tudu da ya dace da ita. Wurin tsagar ya bambanta tsakanin DDR3 mai haƙora 204, DDR4 mai 260 da DDR5 mai 262, don haka idan kati ya ƙi shiga ta fuska biyun, ba irinsa ba ne, ƙarfi ba zai shigar da shi ba sai dai ya karya gurbin. Wajen mayarwa, ka tura shi a karkace kamar digiri 30 har ya nutse, sannan ka kwantar da shi ka ji ƙas a gefe biyu. Na tebur ya kai santimita 13, a tsaye yake shiga, yana son danni mai ƙarfi a kan kusurwa biyu, kuma wasu gurabe maƙalli ɗaya gare su, ɗaya gefen ba ya motsi.

Ka manna ɗan salatif a bayan kati ɗaya don ka bambance su. Bar na farko shi kaɗai ka yi gwaji, sannan na biyu shi kaɗai a gurbin nan dai. Wanda ya fito da kuskure shi ne mai laifi. In duka sun wuce, gwada ɗaya a gurbi na biyu, wataƙila gurbin ne. In kowanne lafiya shi kaɗai amma tare suna kuskure, ko dai ba su jitu ba, ko an kunna saitin ƙara gudu mai suna XMP a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, yana tura su gudun da ba su jurewa, shi kuwa BIOS sai da waya ko mai gani.

Tashin farko bayan sauya kati yakan daɗe, a DDR5 har 'yan mintoci, saboda madabod yana auna katin. Wasu kwamfutoci kuma suna tsayawa da saƙon cewa yawan RAM ya canza, suna jiran a danna maɓalli, galibi F1. Ka ba ta minti biyar, ka haska allon da waya. In babu rubutu sam, ko tana ƙara ɗit ɗit a jere, kashe ta ka sake zaunar da katin, domin mafi yawan lokuta gefe ɗaya ne bai kama ba.